Barys septik: ta ina mai koyon Kazakanci zai kama wannan -gha, -ge, -qa, -ke?

Ɗan Rimi a Almaty:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga mu zuwa ƙasar nan ta Kazakistan. A ajin Kazakanci mun shiga abin da malamarmu take kira barys septik (барыс септік), kuma kaina ya ɗaure. Ta rubuta a allo: Almatygha, üige, jumysqa, mektepke. Ta ce duk aikinsu ɗaya, wato zuwa Almaty, zuwa gida, zuwa aiki, zuwa makaranta. To in aiki ɗaya ne, me ya kawo wutsiya har huɗu? Ban gama haɗiye wannan ba sai ga dosyma da üiine, ta ce su ma shi ne. Akwai ƙa'ida, ko haddacewa ake yi kalma bayan kalma? Jarrabawa ta matso.

Malam na Astana:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, akwai ƙa'ida kuma ba ta da yawa. Mu a Hausa gaban suna muke sa "zuwa" ko "ga" ko "wa". Su a ƙeyar kalma suke liƙa abin. Irin wannan sauyin ƙarshen suna kala bakwai ne a nahawunsu: atau, ilik, barys, tabys, jatys, shyghys, kömektes. Wanda ya yi nahawun Larabci ya tuna raf'u da nasbu da jarru, dangin abin ke nan. Barys shi ne na uku, yana amsa tambayar kimge (ga wa), nege (ga me) da qaida (zuwa ina).

Tambaya biyu kawai za ka yi wa kowace kalma.

Ta farko, wasalin gaɓar ƙarshe mai kauri ne ko siriri? Su kansu haka suke kiransu, juan da jingishke. Masu kauri su ne а, о, ұ, ы. Sirara su ne ә, е, ө, ү, і. In mai kauri ne ɗafin zai ƙare da a, in siriri ne ya ƙare da e.

Ta biyu, sautin ƙarshe mai ziza ne ko marar ziza? Ɗora yatsa a maƙogwaro ka furta shi. Duk wasali, da l, m, n, ң, r, й, у, z, j, za ka ji maƙogwaro yana kaɗawa, su ke ɗaukar -ға ko -ге (wato -gha ko -ge). Su kuwa p, t, k, q, s, sh, f ba sa kaɗa shi, su ke ɗaukar -қа ko -ке (wato -qa ko -ke).

Sai ka duba: qala (gari) ya zama qalagha, bazar ya zama bazargha, düken (kanti) ya zama dükenge, jumys ya zama jumysqa, mektep ya zama mektepke. In kalma ta ƙare da q ko k sai baƙin ya ninku, a kuma rubuta duka biyun: sabaq (darasi), sabaqqa, Bäiterek, hasumiyar nan ta Astana, Bäiterekke.

Ka riƙe cewa gaɓar ƙarshe ce ke da hukunci, ba farkon kalma ba. Kitap ya fara da siriri ya ƙare da mai kauri, shi ya sa kitapqa. Mughalim ya fara da mai kauri ya ƙare da siriri, shi ya sa mughalimge. Kuma duk inda ka ga na rubuta y, ы nake nufi, wasali ne gajere, ba y ɗinmu ta "yaro" ba.

Bakatsine a Shymkent:
Malam, Allah ya ƙara basira. Bayaninka babu kuskure a ciki, amma ni ban yarda a fara yaro da wannan ba. A nan Shymkent kusan kowa Kazakanci zai yi maka, mai tasi ba zai tsaya yana jiran ka taɓa maƙogwaro ba. Motar na gudu, kwana ta zo, abin da kake buƙata shi ne onggha (dama), solgha (hagu), algha (gaba), artqa (baya). Duka huɗun barys ne, kuma mutane da yawa suna faɗarsu daidai tun kafin su taɓa jin sunan septik.

Shawarata ya cika bakinsa da jimlolin da ake faɗa kullum. An tambaye ka lafiya, ka ce Qudaigha shükir, godiya ga Allah. Ka ƙwanƙwasa ƙofar aji, ka ce kiruge bola ma, a shigo? A kanti ka ce maghan eki nan beringizshi, a ba ni burodi biyu. An yi maka alheri, sizge raqmet. In waɗannan suka zauna a harshe, kunne da kansa zai ƙi "mektepge" ko da ba a gaya maka dalili ba. Jadawali yana sa mutum ya tsaya lissafi a tsakiyar magana, mai sauraro ya gaji ya juya maka zuwa Rashanci, shi ke nan ka rasa damar koyo.

Malam na Astana:
Ban ƙi taka ba, amma ka duba wanda ya yi tambayar. Jarrabawa ce a gabansa, za a ba shi kalmar da bai taɓa ji ba a ce ya liƙa mata ɗafi. Kunne yana taimakon mutum a kan abin da ya saba ji ne kawai. Kuma ƙa'idar nan ba wani ne ya zauna ya ƙaga ta don wahalar da ɗalibai ba, bayanin abin da baki ke yi ne. Gwada faɗin p ka bi ta da g da sauri, za ka ji g ɗin tana neman komawa k. Mu ma muna rubuta "gidan Bala" amma "gidam Bala" muke faɗa. Bambancin, su sun shigar da wannan sauyin cikin rubutu. Wanda ya gane haka, haddar da kake so ya yi za ta fi zama masa da wuri.

Bakatsine a Shymkent:
To a yi duka biyun, amma baki ya riga takarda. Nan na tsaya.

'Yar Damagaram:
Salamu alaikum. Ni a garin Türkistan nake karatu, kuma na yi Turkanci kafin in zo, don haka ɗafin bai ba ni tsoro ba. Baturke yana cewa eve, okula, Ankara'ya. Bakazake ya ce üige, mektepke, Ankaragha. Gida ɗaya ne, sai dai Kazakanci ya riƙe baƙin farkon ɗafin.

Amma Malam da Yaya Bakatsine, ina ganin ku biyun kun tsaya a kan siffar ɗafin, alhali inda Bahaushe ya fi tuntuɓe daban ne. Ku duba yadda muke magana: "zan je Kano", "ina Kano". "Na tafi gida", "ina gida". Kalmar wurin ba ta motsa ba, ko "zuwa" ɗin ma ba mu cika sa ta ba. Saboda haka matsalarmu ta farko ba zaɓar -gha ko -qa ba ce, mantawa da ɗafin gaba ɗaya ce, ko mu sa na zama a wurin na tafiya. Ga su a jere:

Almatygha baramyn, zan je Almaty.
Almatyda turamyn, a Almaty nake zaune.
Almatydan keldim, daga Almaty na zo.

Abin da ke ƙara ruɗa mai koyo, qaida tana aiki biyu. Qaida barasyng, ina za ka? Qaida turasyng, ina kake zaune? Mutum ya ji tambayar ta ƙare da -da, sai ya amsa da -da, ya ce "Almatyda baramyn". Za a gane shi, amma kowa zai ji ta karkace. Dabarar da nake ba ƙannena a nan ita ce su kalli aikatau tukuna. In na motsi ne zuwa wani wuri, irin bar- (je), kel- (zo), kir- (shiga), jet- (isa), min- (hau), to barys. In na zama ne, irin tur- (zauna) ko oqy- (karatu a wuri kaza), to -da. Sunan ma daga bar- aka ciro shi, ya isa tuni.

Ɗan Rimi a Almaty:
Allah ya saka da alheri, Yaya. Wallahi wannan na qaida ya buɗe mini ido. Saura dosyma da üiine, Malam. A ƙa'idarka dos ya ƙare da s, ai dosqa ya kamata. Ina q ɗin ta tafi?

Malam na Astana:
Madalla, dosqa daidai ne in "ga aboki" kake nufi. Amma dosyma "ga abokina" ne. Mallaka ta shigo tsakani, kuma a nan ne sauran siffofin suke fitowa.

In abin nawa ne ko naka, wato ya ƙare da -m ko -ң (wadda nake rubutawa ng) na mallaka, baƙin ɗafin yana faɗuwa, sai -a ko -e kawai. Dosym (abokina), dosyma. Anam (mahaifiyata), anama. Äkem (mahaifina), äkeme. Üiing (gidanka), üiinge.

In nasa ne ko nata ko nasu, wato ya ƙare da -y, -i, -sy, -si na mallaka, sai -na ko -ne. Balasy (ɗansa), balasyna. Üii (gidansa), üiine.

In namu ne, ko naku na girmamawa, ƙarshen z ne, sai a koma ƙa'idar farko: üiimizge, üiingizge.

Ga misali ɗaya da nake so kowa ya riƙe. Qalam kalma ce mai fuska biyu. Akwai qalam alƙalami, akwai qala da -m, garina. Na farko qalamgha, na biyu qalama. Don haka ba kowace m ce ta mallaka ba: adam (mutum) adamgha ne, mughalim mughalimge, amma malamina, mughalimim, sai mughalimime.

Inda wannan -na/-ne zai riƙa tare ka kullum shi ne sunayen wurare, domin in suna biyu suka haɗu, na biyun yana ɗaukar alamar mallaka kamar yadda muke cewa "titin Abai", "sallar Juma'a". Namaz kaɗai namazgha ne, amma juma namazy sai juma namazyna baramyn. Meshit kaɗai meshitke, amma babban masallacin nan na Astana, Äziret Sultan meshiti, sai ka ce Äziret Sultan meshitine. A garinku za ka ce wa mai tasi Abai dangghylyna. Almatygha, amma Almaty qalasyna. Ita y ta ƙarshen Almaty ta sunan ce, ba ta mallaka ba. Sannan babbar kasuwarku Kök bazar, kök sifa ce ba suna ba, babu mallaka a ciki, don haka Kök bazargha.

Likitan Gobe:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Ɗan Rimi a Almaty yake, ba Shymkent ba. A Almaty da Rashanci za ka hau mota, ka yi cefane, ka je banki. Ya koyi abin da zai ci jarrabawa da shi ya wuce, ƙarfinsa ya zuba a Rashanci wanda zai amfane shi har a ƙasashen maƙwabta. Duk wannan zurfin na mene ne?

Bakatsine a Shymkent:
Likita, ba wanda ya hana Rashanci, muna yin sa mu ma. Amma Kazakanci shi ne harshen ƙasa, kuma kai da za ka shiga asibiti ka fi kowa buƙatarsa. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauye, ranar da ka durƙusa gefen gadonta ka ce apa, sizge ne boldy, me ya same ki, za ka ga yadda fuskarta ta sake. Wannan sizge ɗin barys ne. Maghan qarangyz, dube ni, barys ne. Sizge däri kerek, kina buƙatar magani, shi ne dai. Mutanen nan suna matuƙar jin daɗin baƙon da ya damu da harshensu. Wanda aka gayyata gida aka ce masa törge shyghyngyz, ya hau wurin zaman manyan baƙi, ya san abin da nake faɗa.

'Yar Damagaram:
In ma sauƙi ake nema, Likita, a wannan babin Kazakanci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A Rashanci sai ka san jinsin kalma, sannan ka zaɓi в ko на ko к, kowanne da ƙarshen da yake ja. Kazakanci ba shi da jinsi sam. Ol shi ne "shi", shi ne "ita". Oghan shi ne "masa", shi ne "mata".

Tunda mun zo nan, Ɗan Rimi, wakilan suna ka haddace su, domin uku na farko ba sa bin ƙa'ida. Ka jera su da namu:
mini, maghan
maka ko miki, saghan
masa ko mata, oghan
mana, bizge
muku, senderge
musu, olargha
Na girmamawa sizge, jam'insa sizderge. Babba ko malami ko wanda ba ka saba da shi ba, siz ake ce masa, kada ka kuskura ka ce wa malamarku saghan. Haka bul (wannan) yana komawa bughan, sol (wancan) yana komawa soghan.

Kuma ga inda Hausa take taimakonmu. Ba sa cewa "ina son wannan" da men (ni), suna cewa maghan unaidy. Ka fassara shi da "ya yi mini", ka ga mini ɗin ta fito da kanta. Haka maghan su kerek, ruwa nake buƙata, mai buƙatar ne ke ɗaukar barys. Duk inda bakinka ya kawo "wa" ko "ma" a Hausa, na ba wa, na saya wa, na faɗa wa, na buga wa waya, akasari barys ne a can: dosyma kitap berdim, anama qongyrau shaldym.

Sai dai kada a ja abin ya wuce iyaka. Akwai aikatau da sai dai a riƙe su da abin da suke ja. Saghan senemin, na yarda da kai, barys ne. Avtobusqa mindim, na hau bas, barys ne. Amma tambaya ba ta ɗaukarsa, mughalimnen suradym ake cewa, kamar ka ce na tambaya daga malam.

Likitan Gobe:
Maganar tsohuwar nan ta shige ni, domin mun fara shiga ɗakin marasa lafiya kuma na ga irinta. Har yanzu ina kan cewa sabon zuwa Almaty ya fara da Rashanci, amma zan kwafe jimlolin nan.

Alaramma Ƙarami:
Ni furuci zan yi magana a kai, don na ga ana rubuta gh da q ba a ce komai ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya mallaki waɗannan sautuka biyu. Қ ita ce ق, ғ kuwa ita ce غ. Abin lura, mu a Hausa mun saba mayar da ƙaf ta zama ƙ, mu ce alƙalami, alƙali. Ƙ ɗinmu tana fita da ɗan tsartuwa, tasu babu wannan, daga can ƙarshen harshe take fita kamar yadda mai tajwidi yake karanta ta. Ka karanta jumysqa da ƙaf ta tilawa, ka karanta qalagha da gain, Bakazake zai tambaye ka inda ka koya.

Na biyu, n idan ta haɗu da ɗafin nan tana komawa ta hanci, irin wadda muke yi a "bango". Ana rubuta Түркістанға da дүкенге, amma a baki ң ce take fita. Wannan ma bakin Bahaushe yana yin sa ba tare da an koya masa ba.

Tambayata ga Malam: tunda ana ta maganar za su koma rubutun boko, ya dace mutum ya ɓata lokaci a kan waɗannan baƙaƙen na Sirilik?

Malam na Astana:
Ya dace, dole ma. A 2017 aka ba da umarnin komawa baƙaƙen Latin, an kuma fitar da tsari fiye da ɗaya, amma littafin aji da takardar jarrabawa da takardun ofis da Sirilik za ka same su. Baƙaƙe 42 ne, tun 1940 ake amfani da su. Kafin nan sun yi Latin daga 1929, kafin wannan kuma da baƙaƙen Larabci suke rubutu, irin ajaminmu. Ahmet Baitursynuly, wanda aka haifa a 1872 aka kashe shi a 1937 zamanin Stalin, shi ya gyara wancan ajamin ya dace da sautukan harshen, kuma Kazakawan ƙasar Sin da shi suke rubutu har yau. Shi ne ya rubuta littafin nahawu Til-qural, kuma yawancin sunayen da malamarku take faɗa a aji daga wurinsa suka fito. Mu ma a nan Latin ɗin da muke rubutawa don sauƙin waya ne kawai. Wanda ya dogara da shi, in aka bar ɗigon ü, ba zai bambance ұ da ү ba, kuma ɗafin yana rataye ne a kan wannan bambancin.

Ɗan Rimi, gwada waɗannan mu gani: jataqhana (ɗakin kwanan ɗalibai), äuejai (filin jirgi), Shymkent, Medeu, Lagos, Zinder, aghasy (yayansa), Ahmad, Zainab.

Ɗan Rimi a Almaty:
Bismillah. Jataqhanagha, äuejaigha, Shymkentke, Medeuge, Lagosqa, Zinderge, aghasyna, Ahmadgha, Zainabgha.

Malam na Astana:
Bakwai na farko ka ci su tas, har da aghasyna wadda ita ce mai wuyar. Biyun ƙarshe da gangan na sa su, don akwai abin da ban faɗa ba tukuna. Kalmar da ta ƙare da б, в, г, д, duk da a rubuce masu ziza ne, a ƙarshen kalma ana furta su kamar p, f, k, t, saboda haka -қа ko -ке suke ɗauka. Ahmadqa, Zainabqa, klubqa. Kalmomin Kazakanci na asali ba su cika ƙarewa da waɗannan ba, a kalmomin aro da sunayen baƙi irin namu za ka fi haɗuwa da su.

Ummu Sadiq:
Ina bin ku shiru tun ɗazu, ni maigida na biyo Astana, ba aji nake zuwa ba. A kasuwa maƙwabciyata takan tambaye ni qanshagha aldyng in ta ga na sayo abu. Na san kuɗi take tambaya, amma me ya kawo -gha a kan kuɗi, tunda ba tafiya ake yi ba?

Bakatsine a Shymkent:
Hajiya, shi ne dai, farashin da aka sayi abu ma da shi ake faɗa. Qansha nawa, qanshagha a kan nawa. Ki amsa mata da eki myng tenggege aldym, na saya a kan tenge dubu biyu. Ɗafin a kan kalmar tenge yake sauka, in kuma ba ki ambaci tenge ba sai ya hau lambar: eki mynggha aldym (a kan dubu biyu), bes jüzge aldym (a kan ɗari biyar).

Haka tsawon lokacin da aka yi niyya: bir aptagha keldim, na zo na mako guda. Haka dalilin zuwa: oqugha keldim, karatu na zo, nangha bardym, na je sayen burodi. In maƙwabciyar ta ce shaigha kelingiz, shayi take gayyatarki, ki je, a can za ki fi samun harshen.

'Yar Damagaram:
A ƙara mata da deiin, don za ta gan ta a ƙofar kowane kanti da kyamis. Ma'anarta "har zuwa", kuma kalmar da ke gabanta dole ta ɗauki barys: saghat beske deiin, har ƙarfe biyar, keshke deiin, har yamma, bazargha deiin, har kasuwa. Qarai ma haka take, üige qarai, wajen gida. In kuma kika ga an rubuta kiruge bolmaidy a jikin ƙofa, Hajiya, ba a shiga ke nan.